Kana son tara tsoffin kuɗin azurfa? Fara da sule da fataka

Masu tara tsoffin kuɗi a Turai suna rububin sulallan azurfar da Bankin Ingila ya buga daga 1804 zuwa 1816, lokacin da kuɗin gwamnati suka yi ƙaranci a hannun jama'a. Ƙanena, kai da ke Nyanya da wuya ka ci karo da waɗannan. Namu sun fi kusa, sun kuma fi araha: taro, sisi, sule, fataka da liyari.

1. Gobe da safe ka buga waya gida. Tambayi Hajiya ko Gwaggo ko akwai tsoffin kuɗi a adaka ko cikin kwalla. Na gado ya fi na kasuwa tabbas, amma ka nemi izini kafin ka ɗauka.

2. Duba shekara. An kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma a 1912. Sulallanta na 1913 zuwa 1919 azurfa ce kashi 92.5 cikin ɗari. Da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1920 aka rage ta, sannan aka koma ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Kwabo mai huji kuwa ba azurfa ba ne.

3. Auna kafin ka biya. Sule giram 5.6 ne da ɗoriya, fataka 11.3, liyari 28. Sayi ƙaramin sikelin dijital, ko ka roƙi masu gwal a Kasuwar Wuse su auna maka. Riƙe maganaɗisu a aljihu: in ya kama kuɗin, ajiye musu kayansu.

4. Kada 1780 ta ruɗe ka. Liyari, mai hoton Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, an ci gaba da buga shi da wannan shekarar tun bayan rasuwarta. Wanda aka huda ko aka liƙa wa mariƙi don ado, farashinsa ya sauka. Taya daidai da haka.

5. Kada ka wanke. Toka, omo da lemun tsami suna kankare zane, su zubar da daraja. Masu saye sun fi son kuɗi da duhunsa na tsufa. Kama shi ta gefe kawai.

6. Kowanne da ambulan ɗinsa. Rubuta shekara, nauyi, inda ka samo da nawa ka biya. Ɗan harafin H ko KN a jikin kuɗin alamar masana'antar Birmingham ce da ta buga shi. Rubuta shi ma. Ka nisanta su da laima, musamman da damina.

7. Horar da idonka. Babban Bankin Najeriya yana da gidan tarihin kuɗi a hedikwatarsa ta Abuja. Tuntuɓe su kan ziyara. Ran Laraba kuma, ranar kasuwar Nyanya, zagaya wurin 'yan koli da masu tsoffin kaya ka yi cigiya.

A watan farko ka tsaya kan sule ɗaya mai hoton Sarki George na Biyar da bishiyar kwakwar manja a baya. In ya ci jarrabawar shekara, sikeli da maganaɗisu, sai ka nemi fataka.