Hoton takardun hukuma

Mu karanta

Kawuna manomi ne a wani ƙauye kusa da Tirmini. Da rani yana fataucin awaki. Katinsa na ɗan ƙasa ya tsufa, ya yage, har sunan ba ya karantuwa. Duk shingen da ya iske a hanya sai an tsai da shi. Sai ya ce zai yi sabo.

Aka ce masa ya zo da takardar haihuwa da hotuna. Ɗansa yana da salula mai ɗaukar hoto. Ya tsai da shi gaban rumbu da rana tsaka. Kawu ya sa babbar riga, ya naɗa rawani, ya ja amawali har bisa hanci. Rana ta dalle masa ido, ya runtse. Aka ɗauka. Kowa a gida ya ce hoto ya yi kyau.

Washegari kawu ya shiga mota zuwa Damagaram. Ya biya aka wanke hoton. Ya bi layi tun hantsi har azahar. Da ya kai gaban ma'aikaci, sai ma'aikacin ya dubi hoton, ya dubi kawu, ya ce:

— Baba, na ga rawani, na ga rumbu. Ina fuskar?

— Ga ta nan cikin rawanin, ɗana.

— Yi haƙuri, baba. Ba a karɓar irin wannan. Sai ka kawo wani.

Kawu ya laluba aljihu. Kuɗin mota kaɗai suka rage. Ya komo gida ba kati, ba kuɗi, ga shi ranar kasuwa ta wuce shi. Da maraice ya zo wurina, ya miƙa mini hoton, ya ce:

— Ɗana, kai da ka yi karatu, mene ne laifin hoton nan?

Na ce:

— Kawu, in na ratayewa a ɗaki ne, ba shi da laifi. Amma hoton takarda dabam yake. Shi ba ado ake nema cikinsa ba. Shaida ake nema.

Don me ake neman hoto?

Yara, a ƙauyenku kowa ya san ku. An san ubanku, an san kakanku. Amma a Yamai, ko Kano, ko Makka, wa ya san ku? Takarda ce ke faɗin sunanku. Hoto kuwa shi ke nuna cewa takardar taku ce, ba ta wani ba.

A da can, mutanenmu kan gane baƙo ta tsagar fuskarsa da harshensa. A ƙasashen Turai kuma ana rubuta kamannin matafiyi cikin takardarsa: tsawonsa, launin idonsa, irin hancinsa. Amma mutum ɗari na iya zama dogaye masu dogon hanci. Rubutu bai isa ya raba su ba.

Wajen shekarar 1826 wani mutumin Faransa mai suna Nicéphore Niépce ya ɗauki hoton da ya fi kowane tsufa cikin waɗanda suka rage a duniya. Sai da ya bar akwatinsa a buɗe sa'o'i masu yawa kafin hoton ya kama. A lokacin yaƙin duniya na farko, wanda ya fara a 1914, ƙasashe suka ji tsoron ƴan leƙen asiri. Sai suka tilasta a liƙa hoto cikin fasfo.

Yau akwai wata hukuma ta duniya mai kula da tafiyar jiragen sama. Da Faransanci ana kiran ta OACI. Mazauninta yana birnin Montreal, a ƙasar Kanada. A 1980 ta fitar da ƙa'idar fasfon da na'ura ke iya karantawa. A 1998 ƙasar Maleshiya ta fara yin fasfo mai ƴar ƙwaƙwalwar lantarki a ciki, wadda ke ajiye hoton mai shi. Saboda haka yanzu ba mutum kaɗai ke duban hotonku ba. Na'ura ma tana dubawa. Tana auna tsakanin ido da ido, da tsakanin hanci da baki. In fuska ta karkace, ko ta ɓuya, awon ba ya yiwuwa. Wannan shi ne dalilin dokokin da za mu koya.

Awon hoto

Ku fito da abin awonku, ku duba milimita.

A ƙasashe da yawa, hoton fasfo yana da faɗin milimita 35 da tsawon milimita 45. Kan mutum, daga haɓa zuwa tsakar ka, yana cin milimita 32 zuwa 36. Wato fuska ce ke cike mafi yawan hoton. Kafaɗu kaɗan ake gani. Ba a ganin ciki, ba a ganin hannu.

Amma awon ba ɗaya ba ne ko'ina. Akwai ma'aikatun da ke neman santimita 4 da 4. Amurka kuma tana neman milimita 51 da 51. Akwai kuma takardun da ma'aikata ke ɗaukar hotonsu da kanta, da na'urarta, musamman fasfo mai ƙwaƙwalwa. Don haka aiki na farko shi ne tambaya: hoto nawa ake so, wane awo, wane launi a baya? Matambayi ba ya ɓata.

Haske

Da rana tsaka haske yana faɗowa daga sama. Yana sa inuwa ƙarƙashin ido da ƙarƙashin hanci. Yana kuma sa mutum ya runtse. Cikin ɗaki kuwa duhu ya yi yawa. Gindin itace ma bai dace ba, don hasken da ke ratsa ganye yana yi wa fuska dabbare-dabbare.

Ku nemi inuwa mai faɗi wadda ke buɗe ga sarari, kamar inuwar katanga da hantsi ko da la'asar, ko bakin rumfa. Mai hoto ya fuskanci wajen da haske ke fitowa. Ku duba kumatunsa biyu. In ɗaya ya fi ɗaya haske, ku juya shi kaɗan har su daidaita. Kada ku kunna fitilar salula. Tana sa goshi ƙyalli, tana jefa inuwa a baya.

Abin da ke baya

Ba a son rumbu, ko darni, ko akuya, ko ƙanenku mai leƙe. Ana son abu mai launi ɗaya, mai haske, marar zane. Farin ƙyalle ya isa. Ku goge shi, ku ɗaure shi ga katanga, ku ja shi sosai kada ya yamutse. Mai hoto kada ya jingina da shi. Ya matso gaba kamar taki ɗaya, don kada inuwarsa ta hau ƙyallen.

Ga wani abin lura. In baya fari ne ƙal, salula takan rage haske, sai fuskar baƙin mutum ta fito wuluk, ba a ganin ido ba a ganin hanci. Maganin wannan mai sauƙi ne. Kafin ku ɗauka, ku taɓa fuskar mutumin da yatsa bisa gilashin salula. Sai salula ta daidaita haskenta da fuskar.

Mai hoto kuma kada ya sa farar riga ko farin hijabi gaban farin ƙyalle. In ya sa, sai kafaɗunsa su ɓace cikin ƙyallen. Ya sa tufa mai duhu.

Fuska

Mai hoto ya zauna ko ya tsaya sak. Kada ya sunkuya, kada ya ɗaga haɓa, kada ya karkata kai. Ya dubi idon salula. Idanu a buɗe, baki a rufe. Ba dariya, ba ɗaure fuska.

A cire tabarau, a cire hular ado. Ƙasashe da yawa sun yarda da lulluɓin addini, amma da sharaɗi: a ga fuska duka, daga haɓa har goshi, da gefenta biyu. Mai rawani ya sauke amawali. Mai hijabi ta ja shi baya kaɗan, kada ya rufe gira ko haɓa. Akwai ƙasashen da ba su yarda da komi bisa kai ba, kamar Faransa. Nan ma sai a tambaya.

Salula tana da wata dabara ta gyaran fuska. Tana sa fata sumul, tana ƙara mata haske. Ku kashe ta. In kuna da tsaga, ko tabo, ko tawadar Allah, a bar su su fito. Su ne shaidarku. Wanda ya goge su ya goge kansa.

Hoton kuma ya zama sabo. Galibi ba a son wanda ya wuce wata 6. Ku yara fuskarku na sakewa da sauri. Hoton da aka ɗauke ku kuna aji ɗaya ba zai yi muku aiki a aji shida ba.

Mai ɗauka

Mutum ba ya ɗaukar kansa hoton takarda. Hannu gajere ne. In salula ta matso kusa da fuska, hanci yakan fito ƙato, kunnuwa su ƙanƙance. Ku gwada da madubi: ku matso da shi dab da hanci, ku ga yadda kuke komawa.

Mai ɗauka ya tsaya nesa kamar mita ɗaya da rabi. Ya riƙe salula daidai da idon mai hoto, ba sama ba, ba ƙasa ba. Ya goge idon salula da ƙyalle mai laushi, musamman lokacin hunturu da ƙura ke yawa. Ya riƙe da hannu biyu, ya dafe gwiwar hannunsa ga jikinsa, don kada hoto ya yi rawa. Ya bar fili bisa kai da gefen kafaɗu. Ya ɗauki huɗu ko biyar, a zaɓi wanda ya fi fita.

In jariri ne, a shimfiɗa farin ƙyalle, a kwantar da shi rigingine, a ɗauka daga sama. Kada hannun uwa ya fito.

Wankin hoto

A da ana tsoma hoto cikin ruwan magani, a ɗaki mai duhu, kafin ya fito. Shi ya sa har yau muke cewa "wanke hoto", ko da yake yanzu na'ura ce ke buga shi.

Ba a buga hoton hukuma bisa takardar rubutu. Sai bisa takardar hoto, mai kauri. Wannan aikin mai shagon hoto ne. Ku faɗa masa awon da ake so. In ya ba ku, ku auna da kanku kafin ku fita shagon. Ku sa hotunan cikin ambulan. Kada ku naɗe su, kada ku taɓa fuskar da hannu mai maiƙo.

Ƙarshen labarin kawu

Ranar Lahadi da hantsi muka ɗaura farin ƙyalle ga katangar gidanmu. Kawu ya sa shuɗiyar riga. Na ce:

— Kawu, a sauke amawali.

— Haba ɗana, gemu duk furfura!

— Ita ake son gani, kawu.

Ya yi dariya. Muka jira dariyar ta ƙare, sannan muka ɗauka. Da ya koma birni, ma'aikacin ya dubi hoton, ya dubi kawu, ya ce: "Yawwa, baba, yanzu kai ne." Ya karɓa.

Mu tuna

1. A tambayi awo da yawan hotuna tun kafin a ɗauka.
2. Inuwa mai haske, ba rana tsaka ba.
3. Baya mai launi ɗaya, ba inuwa bisansa.
4. Fuska duka a fili, ido buɗe, baki rufe.
5. Wani ne ke ɗauka, daga nesa kaɗan.
6. Ba a gyara fuska.

Hausa da Faransanci

hoto: la photo
fuska: le visage
haske: la lumière
inuwa: l'ombre
fasfo: le passeport
katin ɗan ƙasa: la carte d'identité

Tambayoyi

1. Ku faɗi kurakurai uku da ke cikin hoton kawu na farko.
2. Me kawu ya yi hasara saboda wannan hoto?
3. Don me ba a son dariya cikin hoton takarda?
4. Don me mai hoto ke matsowa gaba daga ƙyalle?
5. Me ake nufi da "wanda ya goge su ya goge kansa"?

Lissafi

1. Takardar hoto tana da santimita 15 da santimita 10. Hoto nawa mai milimita 35 da 45 za ta ɗauka? Ku zana ku gani.
2. Tsawon hoto milimita 45 ne. Kai ya ci milimita 36. Milimita nawa suka rage? Kashi nawa cikin ɗari kan ya ci?
3. A ce kuɗin mota dala 100 ne zuwa, dala 100 komowa, wankin hoto kuma dala 200. Nawa mutum ya kashe in ya yi tafiyar sau biyu?

Aikin yi

Ku yanke taga mai milimita 35 da 45 cikin kwali. Ku zo da ita gobe. In akwai tsohon hoton kati a gidanku, ku roƙi izini ku aza tagar bisansa. Ku auna kan, daga haɓa zuwa sama. Ku rubuta abin da kuka samu. Kuma duk ranar da wani a gidanku zai ɗauki hoton takarda, ku karanta masa dokokin nan shida kafin ya biya kuɗin mota.