Darasi: Yadda gidan abinci mai faranti masu yawo yake aiki

A ƙasar Japan akwai gidajen abinci da babu mai kawo wa mutum abinci. Sai ya zauna, ƙananan faranti na wucewa ta gabansa a kan bel, ya ɗauki wanda ya yi masa. Abincin shi ne sushi, wato ɗan curin shinkafa da aka ɗora wa yankan kifi, galibi ɗanye.

Wanda ya ƙirƙiro tsarin shi ne Yoshiaki Shiraishi. Ƙarancin ma'aikata ne ya dame shi, sai ya ga yadda kwalabe ke tafiya a kan bel a masana'antar Asahi, ya ɗauko dabarar. Ya buɗe shagon farko, Genroku Sushi, a Higashiosaka a 1958, kuma baje kolin duniya na Osaka a 1970 ne ya sa abin ya yi suna.

1. Bel ɗin: mota mai aiki da lantarki ke jan sarƙa, a kanta an jera fale-fale masu siffar jinjirin wata, domin su iya shan kwana, kamar bel ɗin kaya a filin jirgin sama. Gudunsa kimanin santimita 8 ne a daƙiƙa. In ya fi haka, ɗauka ta yi wuya. In ya gaza, mutane su gaji da jira.

2. Kuɗi: a shaguna da yawa launin faranti ne farashinsa. In an gama ci, sai a ƙirga farantan.

3. Lafiyar abinci: ɗanyen kifi ba ya jira. Manyan kamfanoni irin su Sushiro suna liƙa ɗan guntun RFID a ƙarƙashin faranti. Na'ura tana karanta shi duk lokacin da ya wuce, in ya zarce wa'adinsa a fitar da shi. Bayanan da aka tara kuma suna nuna wa masu girki abin da aka fi saye da lokacin sayensa.

4. Oda: ana latsa abin da ake so a allon tebur, wani layi na daban ya kawo shi kai tsaye.

Tsarin yana da rauni, domin ya dogara da amana. A 2023 bidiyon wani matashi yana lasar kwalbar miya a shagon Sushiro ya yaɗu a intanet, har Kura Sushi ta koma sa ido da kyamarori masu ƙirƙirarriyar basira.

Mai sayar da awara ko tsire a Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi ba ya buƙatar bel, balle ga halin wutar lantarki. Abin ɗauka shi ne lissafin: yaushe aka soya, nawa aka sayar, nawa ya kwana. Mai koyon rubuta manhaja zai iya gwada wannan a Google Sheets da ginshiƙai huɗu: kaya, lokacin girki, adadin da aka sayar, ragowa. Bayan mako biyu, alƙaluman za su nuna ranar da ya kamata a rage kwaɓi.