Yadda Ake Tantance Alƙaluman Ruwan Sama da na Kogi Kafin a Dogara da Su

An miƙa maka fayil mai ɗauke da awon ruwan sama na shekara talatin da na tsayin Kogin Haɗeja, aka ce ka faɗi ko fadamu za su nutse bana. Kada ka yi garajen buɗe kwamfuta. Kowace lamba da ke cikin takardun nan wani bawan Allah ne ya fita da sassafe ya duƙa ya karanta, ya rubuta da biro, wani kuma ya kwafa. Aikinka shi ne ka bi sawunta har inda ta fito.

Mataki na farko, je ka ga ma'aunin ruwan saman da idonka. Duba ko bakin mazurarinsa a zaune yake daidai ko ya karkace. Auna tazararsa da gini ko bishiya mafi kusa: ƙa'ida ita ce aƙalla ninki biyu na tsayin abin, ninki huɗu ya fi. Sau da yawa an kafa ma'auni a fili fetal, amma darbejiyar da aka dasa kusa da shi yau ta yi masa rumfa. Ka kuma tuna hadarinmu na gabas da iska yake tahowa, iskar kuwa tana kwashe ɗigon ruwa ta saman mazurari, rana ta ƙafar da wani idan an makara karantawa. Duk waɗannan kurakuran ɓangare guda suke ja, wato ƙasa da abin da ya zuba. Kada ka raina milimita biyar da ta salwanta: milimita ɗaya lita 10,000 ce a kan hekta guda.

Na biyu, nemi rajistar asali ta hannu, ba wadda aka buga ba. Babban tarkon da ke ciki shi ne bambancin sifili da gurbi. Sifili na nufin an duba ba a yi ruwa ba. Gurbi na nufin ba wanda ya duba. Mai kwafa ya kan cike gurbi da sifili, sai watan Agusta guda ya koma fari a takarda. In ka ga Asabar da Lahadi ba komai, Litinin kuma milimita 90, ko irin haka bayan hutun Sallah, to ruwan kwanaki ne ya taru a kwalba. Jimillar wata tana nan lafiya, amma kada ka ɗauki 90 ɗin a matsayin mamakon kwana ɗaya. Lura da ɗigon da ya ɓace, 4.5 ta zama 45, da tsoffin rajistoci da aka rubuta da inci, wanda kowane ɗaya milimita 25.4 ne. In lambobin duk 10 ne, 20, 25, ƙiyasi ake yi daga zaure. Ba na saurin zargin mai awo. Wanda aka yi watanni ba a biya shi alawus ba, ba a kuma sake masa gilashin awon da ya fashe ba, ya ma yi ƙoƙari da ya rubuta wani abu.

Na uku, gwada tashar da maƙwabtanta, amma da lura. Kowane manomi ya san ruwa kan jiƙa gonar wani ya tsallake ta kusa da ita. A farkon shekarun 1990 masu bincike sun baza ma'aunai kusan ɗari a kewayen Yamai, suka tarar tashoshin da ke kusa da juna kan sha bamban ƙwarai ko a jimillar damina. Saboda haka saɓanin kwana ɗaya ba hujja ba ce. Tara jimillar tasharka shekara bayan shekara, ka zana ta daura da ta maƙwabta. Muddin layin ya miƙe, lafiya. Inda ya karye, a shekarar wani abu ya faru, ko an matsar da ma'auni ko an sauya mai karantawa. Bayanan tauraron ɗan'adam irin su TAMSAT da CHIRPS suna taimakawa wajen cike giɓi, sai dai daga sanyin saman gajimare suke ƙiyasi, ba ruwan da ya taɓa ƙasa suke aunawa ba.

Na huɗu shi ne kogin kansa, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe. Abin da mai awo ke karantawa kullum a jikin sandar da ke gindin gada tsayin ruwa ne kawai. Yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa lissafa shi ake yi daga wani jadawali da ya haɗa tsayi da gudu, wanda aka gina daga 'yan awon da aka taɓa yi da na'ura. Tambayi ofishin da ke kula da awon abu biyu: yaushe aka yi awon ƙarshe, kuma mene ne tsayi mafi girma da aka taɓa auna gudunsa? Duk abin da ya haura wannan tsayin, jan layi aka yi da rula. Ambaliya kuwa a can take, lokacin da ruwa ya bar gaɓa ya bazu cikin fadama, ya zagaye sandar, wani lokaci ma ya tafi da ita.

Kogunanmu na yashi ne, ƙasansu na sauyawa bayan kowace damina. A yankin Haɗeja zuwa Nguru ga kuma ciyawar kacala, wadda ta toshe hanyoyin ruwa. Inda ta yi kauri ruwa kan tsaya ya kumbura, sanda ta nuna ya ƙaru alhali da ƙyar yake motsi. Tsohon jadawali zai ce maka ruwa mai yawa na gangarawa Gashuwa, su kuma mutanen can suna kallon rairayi.

Kana iya gwada jadawalin da kanka a ƙaramin kogi. Zaɓi wuri miƙaƙƙe, ka auna faɗi da zurfi a wurare da dama. A ce faɗin mita 20 ne, matsakaicin zurfi mita 1.5, ka samu murabba'in mita 30. Jefa lemo ko gorar roba mai ɗan ruwa a ciki, ka duba agogo. A ce ta ci mita 30 cikin daƙiƙa 50, wato mita 0.6 a daƙiƙa. Ruwan sama-sama ya fi na ƙasa sauri, don haka ninka da 0.85. Sakamako kusan kubik mita 15 ne a daƙiƙa, kowane kubik mita kuwa duro biyar ne. Maimaita sau biyar a sassa daban-daban na faɗin. In jadawali ya ce 30, ba ƙaramar matsala ke akwai ba.

Sai yanzu, a mataki na biyar, za ka kunna manhajar da ke kwaikwayon yadda ruwan sama ke zama kogi. Raba shekarunka biyu: ka saita ta da kashi ɗaya, ka jarraba ta da ɗayan da ba ta taɓa gani ba. Kada ka cakuɗa zamunna. Kogin Haɗeja na kafin madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 daban yake da na yau, domin yanzu hannun mai buɗe ƙofa na da ta cewa. Kogin Jama'are ne har yanzu ba babbar madatsa a kansa. Darasin Yamai ma abin tunawa ne: bayan farin shekarun 1970 da 1980, ruwan da rafuka irin su Sirba ke zubawa cikin Kwara ƙaruwa ya yi, saboda ƙasa ta yi tauri, ciyayi sun ragu, ruwa ya daina nutsewa. Manhajar da aka saita da alƙaluman 1960 ba za ta san wannan ba. Bayan haka ka girgiza ta: ƙara kashi 10 cikin ɗari a ruwan sama, rage kashi 10, sauya jadawalin kogin, ka ga iyakar inda amsar ke lilo.

Na shida, rubuta rahoto. Shugabanni lamba ɗaya tak suke so, kai kuma kada ka ba su. Rubuta cewa ruwan zai kasance tsakanin kaza da kaza, ka faɗi wanne ya fi yiwuwa. In ka ambaci ambaliyar shekara ɗari, fayyace cewa damarta ɗaya ce cikin ɗari a kowace shekara, tana kuma iya maimaituwa a kusa. Mutanen Lokoja sun ga babbar ambaliya a 2012, suka sake ganin wata a 2022. A shafin ƙarshe ka jera shekarun da ka cike da ƙiyasi, da tashoshin da ka jefar da dalilin jefar da su, da ranar da aka yi wa jadawalin kogin awon ƙarshe. Kafin ka mayar da rajistar hannun nan cikin kabad, ɗauki hoton kowane shafi da wayarka, don gara ta riga ta fara cin gefenta.