Ɗan bodari ba ɗan kyanwa ba ne

'Yan'uwa mazauna Agege, ni likitan dabbobi ne, akasarin aikina kan shanu da tumakin da ake saukewa a mayankar Oko-Oba. Amma da rani, lokacin ƙonar daji da farauta a Arewa, yaran mota kan kawo mini kwali da jariran dabbobin daji: bushiya, kurege, wani lokaci bodari, mai baƙi da ratsin fari, wanda ke fesa wari in an takura shi. An kashe uwar, an ɗauko 'ya'yan don tausayi ko don sayarwa.

Yawancinsu madarar shanu ce ke kashe su. Cikinsu bai iya narkar da ita, sai zawo, sai mutuwa. Wanda ya tsinci irinsu ya fara da ɗumi: a naɗe gorar ruwan ɗumi da tsumma a sa a kwalin, a ajiye wuri mai duhu, nesa da yara. Jaririn da jikinsa ya yi sanyi ba a ba shi abinci. Kada a taɓa shi da hannu tsirara, domin cizonsa na iya ɗauke da ciwon haukan kare.

A wurinmu madarar 'yan kwikwiyo muke ba ɗan bodari da sirinji, dare da rana, yana kife kan cikinsa don kada ta sauka huhu. Bayan nan mu shafa mararsa da jiƙaƙƙiyar auduga ya yi fitsari, kamar yadda uwar ke lasarsa. In haƙora sun fito sai gyare da fara, sannan ɓera. Muna rage kusantarsa da gangan, don bodarin da ya saba da mutum zai doshi gidaje, a kashe shi.

Sakinsa ma da ƙa'ida. Bodari ɗan dajin Arewa ne, kurmin Legas bai karɓe shi ba. Arewa ake mayar da shi da damina, a sake shi da magariba, tunda da dare yake kiwo. Manomi ne ke cin riba, domin ɓeraye da ƙwari yake ci.

Manzon Allah (SAW) ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauka. Direbobi, kada ku sayi jariran dabbobin daji a hanya, ciniki ne ke sa a kamo wasu. Wanda ya riga ya shigo hannu, a kai shi ga likitan dabbobi a ranar.