Darasi: In Iyakwandishan Na Akori-kura Ya Daina Sanyi

'Yan'uwa manoma, in motar ƙungiya ta daina ba da sanyi, kada ku yi saurin biyan kuɗin gas. Ku fara da abin da ido ke gani.

A ta da inji, a kunna sanyi, a buɗe bonet. Kwamfiresa, wato famfon da ke tura gas, ya kamata ya yi ƙas, tsakiyarsa ta soma juyawa. In bai yi ba, a duba fiyus da wayarsa. In bel yana ƙugi, ya saki ne ko ya tsufa. Sai an kashe inji a taɓa shi.

Gaban lagireto akwai wani mai kama da shi, wanda ke fitar da zafin gas. Motar da ke jigilar dawa da gyaɗa, ƙaiƙayi da ƙura kan toshe shi. A wanke shi da ruwa a hankali. Sau da yawa ciwon ke nan.

Gas ba ya ƙarewa kamar fetur. In ya ragu, yoyo ne, kuma maiƙo a mahaɗar tiyo shi ne alama. Makaniken da ya cika gas bai toshe yoyo ba, za ku sake biyansa.

Yawancin motocin da aka ƙera kafin 1994 da R-12 suka fito, na shekarun da suka biyo baya kuma da R-134a suka fito. Ba a gauraya su. Kada direba ya kwance tiyo da kansa, gama gas ɗin na iya makantar da mutum.