BABI NA HUƊU: MAGUZANCI: ASALIN ISKOKI DA GINSHIƘAN IMANI

4.1 Gabatarwa

Kafin Musulunci ya kafu a ƙasar Hausa, Hausawa suna da addininsu na gargajiya wanda ake kira Maguzanci, mabiyansa kuwa Maguzawa. Wasu masana na ganin sunan ya samo asali ne daga kalmar Larabci "Majusu". Wannan babi zai dubi labarin da ke bayyana asalin iskoki, da ginshiƙan da addinin ya tsayu a kansu, da kuma yadda ya kamata malami ya gabatar da darasin a aji.

4.2 Matsayin Ubangiji

Bamaguje bai musanta samuwar Allah ba. Ya yarda shi ne ya halicci sama da ƙasa, kuma shi ne mai rayawa da kashewa. Sai dai a ganinsa Allah ya yi nisa da harkokin yau da kullum, don haka ba ya yi masa yanka, ba ya gina masa wurin bauta. Iskoki su ne na kusa, su ke kawo cuta da waraka, su ke gyara damina ko su ɓata ta. Wannan ne ya sa Maguzanci bai damu ƙwarai da bayanin yadda aka yi duniya ba. Abin da ya fi ba muhimmanci shi ne inda iskoki suka fito da dalilin da ya sa suke bin ɗan Adam.

4.3 Labarin Asalin Iskoki

Wani labari da aka tattara a yankin Arewa na ƙasar Nijar, wajen Dogondutsi, ya nuna cewa Adamu da Hauwa sun haifi tagwaye har sau hamsin. Da Ubangiji ya ce a kawo masa 'ya'yan ya gani, sai Hauwa ta ji tsoron kada ya karɓe mata kyawawan. Saboda haka ta zaɓi mafi kyau a kowane tagwaye ta ɓoye, ta gabatar da sauran. Ubangiji, da yake ba a ɓoye masa komai, sai ya hukunta cewa waɗanda aka ɓoye za su tabbata a ɓoye har abada. Su ne suka zama iskoki, waɗanda aka nuna kuwa suka zama mutane.

Akwai darussa uku a cikin wannan labari. Na farko, iska ɗan'uwan mutum ne, ciki ɗaya suka fito, don haka yana da gida da mata da 'ya'ya da sana'a kamar kowa. Na biyu, an hana shi fitowa fili alhali ba shi ya yi laifin ba, shi ya sa yake da kishi da saurin fushi, kuma yanka tamkar biyan hakkin zumunci ne. Na uku, ambaton Adamu da Hauwa shaida ce ta tasirin Musulunci, wato Maguzancin da manazarta suka tarar ya riga ya daɗe yana cuɗanya da Musulunci. Wannan shi ne abin da Joseph Greenberg ya nuna a littafinsa na 1946 bayan ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano.

4.4 Ginshiƙan Imani

(a) Rabe-raben iskoki: Akwai farare masu sauƙin hali da baƙaƙe masu zafi, akwai na gida da na daji. Suna zama a tsamiya da kuka da duwatsu da tsofaffin rijiyoyi da suri.

(b) Birnin Jangare: 'Yan bori sun ɗauka iskoki na da birni mai gidaje 12 a ƙarƙashin Sarkin Aljan Sulemanu. Daga cikin mazaunansa akwai Inna da Ɗan Galadima da Sarkin Rafi da Kuturu da Malam Alhaji da Barhaza. Duk wanda ya lura zai ga tsarin Jangare hoton masarautar Hausa ne, da sarki da 'yan sarki da malamai da Fulani da naƙasassu.

(c) Kan gida: Kowace zuriya tana da iskan da ta gada kaka da kakanni. Maigida ke yi masa yanka a madadin iyali, musamman gab da shuka da bayan girbi.

(d) Yanka: Kowane iska da launin dabbar da yake so, jinin ne rabonsa, naman kuwa mutane ke ci. Tarihin Kano ya ambaci baƙaƙen karnuka da kaji da bunsuru da ake kai wa Tsumburbura a zamanin Barbushe.

(e) Bori: Nan ne iska ke hawan mutum ya yi magana da bakinsa. Namiji ana ce masa doki, mace goɗiya, kuma sai an yi wa mutum girka kafin ya shiga sahu.

4.5 Alaƙa da Ƙasar Daura

Ɗalibin da ya tashi a Dutsi ko wani gari na kusa da Daura ya san labarin rijiyar Kusugu da macijin nan Sarki, wanda ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya kashe shi a zamanin Daurama. Idan aka auna shi da abin da ya gabata, za a ga rijiya da maciji da ranar da aka keɓe duk siffofin wurin tsafi ne. Don haka wasu manazarta ke fassara kisan macijin da sauyin addini da na mulki.

4.6 Jan Hankalin Malami

Bayanin abin da wasu suka yi imani da shi daban, kira zuwa gare shi daban. Malami ya fayyace wa ɗalibai wannan tun farkon darasi. Ya kuma guji kalmomin ƙasƙanci, domin har yanzu akwai zuriyar Maguzawa a ƙauyukan Katsina da Kano, wasu sun musulunta, wasu sun zama Kiristoci, kuma mai yiwuwa ɗansu na zaune a ajin. Wanda bai san wannan fanni ba zai kasa bayyana wa ɗalibi asalin kalmomi irin su "uwar gona" da "buɗar dawa" da "bugun iska".

4.7 Tambayoyi

1. Me ya sa Bamaguje ba ya yi wa Allah yanka?
2. Kawo darussa uku da ke cikin labarin tagwayen Hauwa.
3. Kwatanta tsarin Jangare da na masarautar Daura.