Darasin Wannan Wata: Sabuwar Sana'a da Harajin Albashi

A ƙauyukanmu da yawa jama'a suna haɗa kuɗi su sayi injin niƙa, ko su kafa gidan kaji. In aiki ya yi yawa, sai a ɗauki ma'aikata, ana biyansu wata wata. Daga ranar nan wani nauyi ya hau kan masu sana'ar, wato harajin albashi, wanda ma'aikatan haraji suke kira PAYE.

Menene wannan haraji? Haraji ne na ma'aikaci, amma doka ta ɗora wa mai biyan albashi ya cire shi kafin ya biya, ya kai wa gwamnati. A Nijeriya, hukumar tara haraji ta jihar da ma'aikacin yake zaune ita ce mai karɓa. Wanda bai cire ba, ko ya cire ya riƙe, shi za a bi bashi, har da tara.

Ga matakan da za a bi.

Na ɗaya: A yi wa sana'ar rajista. Sunan sana'a da kamfani ana yi musu rajista a hukumar CAC. Ƙungiyar gama kai kuwa, a ofishin gama kai na jiha.

Na biyu: A nemi lambar biyan haraji ta sana'ar. Kowane ma'aikaci ma yana bukatar tasa.

Na uku: A je ofishin hukumar tara haraji ta jiha mafi kusa, da takardar rajista, da sunayen ma'aikata, da adireshinsu, da albashin kowa. Can za a buɗe muku fayil.

Na huɗu: Kowane wata a cire harajin, a biya ta banki kafin ranar 10 ga wata mai biye ta wuce. A adana rasit.

Na biyar: Kowace shekara, kafin ƙarshen Janairu, a kai lissafin dukan albashin da aka biya bara da harajin da aka cire.

Nawa za a cire? Bisa ga sabuwar dokar haraji ta 2025, wadda ta soma aiki ranar 1 ga Janairu 2026, ba a cire kome daga Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara. Abin da ya haura wannan, har zuwa Naira miliyan 3, ana cire kashi 15 cikin 100. Misali, mai kula da inji yana karɓar Naira 100,000 a wata, wato 1,200,000 a shekara. A fid da 800,000, saura 400,000. Harajinsa 60,000 ke nan a shekara, wato 5,000 a wata. In yana biyan fansho ko kuɗin haya, doka ta ba shi ragi. Mai karɓar mafi ƙanƙantar albashi na ƙasa ba ya biya.

Kuɗin da aka cire amana ne, ba jarin sana'a ba ne. Kada ma'aji ya sayi man inji da shi, yana cewa zai mayar bayan girbi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin tattaunawa:
1. Ma'aikata nawa ne a ƙungiyarku suke karɓar albashi?
2. Wa yake riƙe da littafin albashi da rasit?
3. Ina ne ofishin haraji mafi kusa da ku?